Katin sulhun kotu ya zo mana kan bashin gida: in karɓi dala 41 ko in cire sunana?

Maman Ilham, Kolumbus, Ohayo

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah wanda ya san kan wannan harka ya haska min, domin kwana huɗu ke nan wani kati yana manne a ƙofar firij ɗina, duk na zo ɗaukar madarar yarinya sai mun haɗa ido da shi.

Ranar Asabar na taso daga aikin dare (tsofaffi nake kula da su) na tarar da shi a akwatin wasiƙa, a tsakiyar takardun talla. Saura ƙiris in watsa shi a shara. Rubutun ƙanana ne sosai, sai da na ɗauki hotonsa da waya na buɗa sannan na iya karantawa. Abin da na fahimta shi ne, wasu masu gidaje sun kai kamfanin da ke karɓar kuɗin bashin gidanmu ƙara a kotun tarayya, a madadin duk wanda aka taɓa cajinsa kuɗi don kawai ya biya ta waya. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya yarda ya zuba kuɗi a raba. Wai ina cikin waɗanda abin ya shafa, kuma kasona zai kai kamar dala 41. Sun ba ni zaɓi uku: in yi shiru cek ya zo, ko in rubuta a cire sunana, ko in rubuta wa alƙali cewa ban gamsu da sulhun ba. Saura mako biyar wa'adin ya cika.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗi yadda muka kwana da mutanen nan. Ba zan kama sunansu ba. A 2018 muka sayi gidan, mai ɗaki uku, muna biyan dala 1,385 duk wata, har da harajin gida da inshora a ciki. Na san wani zai tado maganar riba. Mun sha yin ta, da malamai da kuma tsakaninmu, don Allah a ajiye ta gefe yau.

Shekara biyar ba mu taɓa latti ba. Bara waccan, a watan Maris, aka miƙa bashin ga wani kamfani daban. Wasiƙar ta zo ina jego, maigida kuma yana kan hanya da tirela, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Bankinmu ya tura kuɗin Afrilu wa tsohon kamfani kamar yadda ya saba, ranar 1 ga wata. Sabon ya ce bai gani ba, ya kafta mana tarar latti dala 52. Na kira tsohon, suka ce sun tura. Na kira sabon, suka ce in jira. Da kuɗin Mayu ya shiga sai suka lissafa shi a matsayin na Afrilu, daga nan kullum muna baya da wata guda a littafinsu, kullum da sabuwar tara.

Ana cikin haka sai suka ce ba su ga shaidar inshorarmu ba, suka sayo tasu suka ɗora mana: dala 2,140 a shekara, alhali tamu ta dala 960 tana nan daram ba ta taɓa yankewa ba. Biyan wata ya haura 1,600. Tsoro ya sa na daina yarda da tura kuɗi ta banki, na koma kira ina biya ta waya don in ji mutum ya ce min ya shiga. Kowane kira dala 15. Sau tara na yi. To wannan dala 135 ɗin ce kaɗai katin yake magana a kai.

Abin da ya fi ƙona min rai, sun kai rahoto wa kamfanonin tarihin bashi cewa mun yi latti. Makin tarihin bashin maigida ya faɗo daga 720 da wani abu zuwa 630 da wani abu. Shekara uku yana tara kuɗin kafin alƙalami don ya sayi kan tirela nasa na kansa, ya je aka hana shi rancen. Har yau motar wani yake ja.

Shi ya ce in bari cek ya zo, da babu gara ba daɗi. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Idan na karɓi dala 41, na yafe musu sauran ke nan? Tarar, da inshorar, da sunanmu da suka ɓata?

Baba Direba, Atlanta, Jojiya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya abin da aka samu.

Ni ba boko ne da ni mai zurfi ba, tasi na ja shekara ashirin da wani abu. Amma irin wannan cek ɗin na taɓa riƙe shi a hannuna, don haka bari in ba ki labari.

A 2010 na rasa gidana. A nan Jojiya ba sai an je gaban alƙali ake ƙwace gida ba. Za su buga sanarwa a jarida mako huɗu, ranar Talatar farko ta wata a yi gwanjonsa a bakin ƙofar kotun gunduma. Ni a lokacin ina tsakiyar neman a sassauta min biyan. Sau huɗu ina tura musu takardu iri ɗaya ta na'urar faks, kowane karo su ce shafi kaza bai iso ba. Wani sashe na kamfanin yana ce min a ci gaba da haƙuri ana dubawa, wani sashen kuma ya riga ya sa ranar gwanjo. Gwaggonki ta kwashe kwanukanta tana kuka, muka koma haya mai ɗaki biyu da yara huɗu.

A ƙarshen shekarar ne asiri ya tonu cewa a manyan bankuna akwai ma'aikatan da aikinsu kawai sa hannu a takardun rantsuwa na ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba. Wani ya amsa da bakinsa cewa yana sa hannu a kusan dubu goma a wata. A Fabrairun 2012 gwamnatin tarayya da manyan lauyoyin jihohi 49 (Oklahoma ta yi nata daban) suka yi sulhu da manyan bankuna biyar a kan dala biliyan 25. Da muka ji a rediyo, a tashar tasi ta filin jirgi har kabbara aka yi. Ashe mafi yawan kuɗin nan ba tsaba ba ne, rage bashi ne da sassauci ga waɗanda gidajensu ke hannunsu har lokacin. Mu da aka riga aka kora tsakanin 2008 da 2011, biliyan 1.5 aka ware mana, mu kuwa muna da yawa. Na cike fom na aika. A tsakiyar 2013 cek ya zo, dala 1,480. Na zauna a cikin mota na daɗe ina kallonsa. Hayar wata ɗaya da rabi ya biya.

A shekarar kuma an yi wani rabon, na hukumomin da ke sa ido kan bankuna, dala biliyan 3.6 ga mutum sama da miliyan huɗu. A takarda an ce daga dala 300 zuwa 125,000. Duk direban da na sani da ya samu, ƙasan jerin ya samu.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan. Namu na gwamnati ne, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa karɓar cek bai hana ka kai ƙararka ta kanka ba. Ni ne ban kai ba, don na gaji, kuma ban san inda ake samun lauyan da ba zai nemi kuɗi a gaba ba. Naki kuwa na ji kin ce masu gidaje ne suka kai ƙara, wannan wata tafiyar ce daban, a nan akan ce wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kada ki sa hannu a komai, kada kuma ki yi shiru, sai kin ga abin da aka ce kin yafe.

Ɗan Zaki, Hustan, Tekzas

Anti, kafin komai ki tabbatar katin na gaske ne. 'Yan damfara suna bin irin waɗannan shari'o'in kamar ƙuda da mangwaro. Ki ɗauki lambar ƙarar da sunan kotun ki bincika da kanki, kada ki kira lambar wayar da wani ya turo miki ta saƙo. Mai rabon kuɗin sulhu na gaske ba zai taɓa cewa ki biya wani abu kafin a sakar miki kasonki ba.

Ni dai ra'ayina, ƙarar taron dangin nan kasuwar lauyoyi ce. Su kwashi kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na kuɗin gaba ɗaya, ku a bar ku da kuɗin cefane. Ki karɓi abinki ki sayi famfas, ki manta da su. Wa ke da lokacin shari'a da kamfani a ƙasar nan?

Ummu Fadil, Merilan

Maman Ilham, sannu da wannan ɗawainiya. Ni ba lauya ba ce, ina aiki ne a ofishin ba masu gidaje shawara kyauta, irin waɗanda ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta amince da su. Kusan kowane mako sai wani ya shigo da kati irin naki a jaka.

Baba ya taɓo inda gizo ke saƙar. A ƙarar taron dangi, shiru amincewa ne. Idan wa'adi ya wuce ba ki cire sunanki ba, alƙali kuma ya amince da sulhun, sharaɗin yafiyar ya hau kanki, ko kin kai cek ɗin banki ko kin bar shi ya mutu a durowa. Mutane da yawa suna zaton in ba su ci kuɗin ba ba su yafe ba. Ba haka ba ne.

Katin taƙaitawa ce kawai. A jikinsa akwai adireshin shafin da aka buɗe don sulhun. Ki shiga, ki sauke doguwar sanarwar da ita yarjejeniyar kanta, ki nemi sashen da ya lissafa haƙƙoƙin da aka yafe. Wani sulhun yakan tsaya a kan abin da aka yi ƙara a kai kawai, wato kuɗin biya ta waya. Wani kuma lauyoyin kamfani sukan shimfiɗa shi ya rufe duk abin da ya shafi yadda aka tafiyar da bashin a shekarun nan. In na farkon ne, karɓi dala 41 ɗinki hankali kwance, kuɗinki ne aka dawo miki da ɗan yanki, kuma babu lauyan da zai ɗauki shari'ar dala 135 ita kaɗai. In na biyun ne, ni a matsayinki cire sunana zan yi, don abin da ke hannunki ya fi abin da za a ba ki nesa ba kusa ba.

Ga dalili. Akwai dokar tarayya ta 1974 da ake kira RESPA, kuma hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta ƙara mata ƙa'idoji masu ƙarfi da suka fara aiki a Janairun 2014, saboda irin abin da ya sami su Baba. A ƙarƙashinta, in aka miƙa bashi daga kamfani zuwa kamfani, kwana 60 na farko duk kuɗin da ya isa hannun tsohon a kan lokaci ba a ɗaukarsa a matsayin latti ta kowace fuska. Ba tara, ba rahoto. Kuɗinku na 1 ga Afrilu ya faɗa cikin kwanakin nan. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan kuskuren aka gina shi.

Inshorar ma haka. Kafin su caje ku sai sun aiko sanarwa aƙalla kwana 45 kafin nan, su sake aiko tunatarwa. Da zarar kun nuna shaidar cewa taku ba ta yanke ba, kwana 15 suke da shi su soke tasu su mayar da duk abin da suka caja na lokacin da inshorar biyu suka hau kan juna.

Kiran waya da kika yi ta yi, a idon doka kusan ba a yi komai ba. Abin da ke ɗaure su shi ne wasiƙar nuna kuskure a rubuce: sunanku, lambar bashin, da abin da kike cewa an yi ba daidai ba, ɗaya bayan ɗaya da kwanan wata. Dole su sanar da ke sun karɓa cikin kwanakin aiki 5, su gyara ko su ba da dalili a rubuce cikin kwanakin aiki 30, suna iya ƙara 15 in sun sanar da ke. Kuma kwana 60 daga ranar da suka karɓa ba su da izinin kai mummunan rahoto kan biyan da ake jayayya a kai. A gefe guda ku ƙalubalanci rahoton lattin a kamfanonin tarihin bashin, wato Equifax da Experian da TransUnion, kowanne daban, da takardar banki mai nuna ranar da kuɗin ya fita. In aka bar shi, shekara bakwai yake yi a tarihin mutum.

Ki lura da lokaci. Ƙara a ƙarƙashin wannan sashe na RESPA shekara uku ce daga ranar da aka yi laifin, ke kuma kin ce bara waccan ne. Wanda ya yi nasara yana samun diyyar asarar da ya tabbatar, da ƙarin da bai wuce dala 2,000 ba in aka nuna ɗabi'ar kamfanin ce, kuma kamfanin ne ke biyan lauyan mai ƙarar. Shi ya sa akwai lauyoyin da ke ɗaukar irin wannan ba tare da kin ba da sisi a gaba ba. Takardar da aka ba maigida ta hana rance, mai ɗauke da dalilin hanawar, ku nemo ta ku adana.

Ɗan Zaki, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Gaskiya ne lauyoyi suna ɗaukar kaso mai tsoka, amma alƙali ne ke yanke musu, kuma duk wanda ke cikin ƙarar yana da damar rubutawa ya ce ya yi yawa. Sannan ka duba ta ɗaya gefen: dala 15 sau dubban ɗaruruwan kira, wa zai tsayar da ita in ba a haɗu ba? Girman cek yana bin yawan mutane da nauyin ɓarnar. A 2018 bankin Wells Fargo ya bayyana cewa kuskuren manhajar lissafi ya sa an hana kimanin mutum 870 sassaucin da suka cancanta, 545 daga ciki suka rasa gidajensu. Ƙarar taron dangin da ta biyo baya an sasanta ta a 2020 kan dala miliyan 18.5, tsakanin mutum ɗari biyar da 'yan kai, ka ga wannan ba kuɗin famfas ba ne. A Disambar shekarar kuma CFPB ta sa kamfanin karɓar bashin gidaje na Nationstar, wanda a lokacin aka fi sani da Mr. Cooper, ya biya kusan dala miliyan 73 ga sama da mutum 40,000, kuma daga cikin zarge-zargen har da sakaci da basussukan da aka miƙo masa da kuma asusun haraji da inshora. Inda tsarin yake cutar mutum shi ne in ɓarnarsa ta fi ta sauran nauyi, aka zuba shi a kwando ɗaya da su.

Ɗan Zaki, Hustan, Tekzas

Na karɓi gyara, Hajiya. Ban san shiru ma sa hannu ba ne. Akwai kati biyu da na yaga bara, ɗaya na kamfanin waya, ɗayan ban ma duba na mene ne ba.

Maman Ilham, Kolumbus, Ohayo

Allah ya saka muku da alheri, Baba Allah ya ƙara girma, ya musanya maka da gidan Aljanna. Labarinka ya sa ni hawaye a ɗakin hutun ma'aikata, har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko mutuwa aka yi.

Na bincika, ƙarar ta gaske ce. Yarjejeniyar shafi 58 ce, na buga ta a laburaren unguwa, na zauna da ita bayan Asuba da jan biro. Sashen yafiyar yana shafi na 31, kuma jimla guda ce ta cinye rabin shafin. Farkonta ya yi min daɗi, don ya ce haƙƙoƙin da suka taso daga cajin kuɗin biya ta waya ko ta intanet. Amma can ƙasa sai ga wani jela: da duk abin da aka kawo ko da za a iya kawowa a ƙarar bisa hujjojin da ke cikinta. Wannan "za a iya kawowa" ita ce ta tsaya min a wuya. Na karanta wa maigida ta waya yana wani wurin hutawa a Indiyana, ya yi shiru, sannan ya ce to kada mu yi gaggawa. A wurinsa wannan babban sauyi ne.

Na sami ofishin taimakon shari'a na kyauta, sun ba ni ranar Alhamis mai zuwa, sun ce in zo da yarjejeniyar da takardun banki tun daga Maris na bara waccan. Takardar hana rancen ma mun gano ta, tana cikin aljihun ƙofar motarsa a ninke huɗu, da tabon kofi a gefe.

Wasiƙar nuna kuskuren na rubuta ta daren jiya, shafi ɗaya da rabi. Ummu Fadil, in sa ta cikin ambulan ɗaya da biyan wannan watan, ko yaya?

Ummu Fadil, Merilan

A'a, kada ki haɗa su. Adireshin biyan kuɗi don karɓar cek aka tanade shi. Ki duba bayan takardar lissafin wata, ko shafinsu na intanet, za ki ga adireshi na musamman da suka ware don wasiƙun kuskure da neman bayani. In sun ware, to can kaɗai doka ta ɗaure su. Ki aika ta gidan waya da rajista mai dawo da shaidar karɓa, ki riƙe kwafi, asalin takardun banki kuma su zauna a gida.

Wannan jelar da kika gani ki ja mata layi ki fara nuna wa lauyan ita ranar Alhamis, shi zai gaya miki ko ta kai ga maganar inshora da rahoton latti ko ba ta kai ba. In ya ce ki fita, ki duba sanarwar da kyau: wani sulhun ranar hatimin gidan waya yake ƙirgawa, wani ranar da wasiƙar ta isa. Kuma in sunanku biyu ne a kan bashin, sau da yawa sai ku biyun kun sa hannu a takardar cire suna, don haka ki tambayi maigida yaushe zai shigo gari.